Takalman da ke Bakin Ƙofa

Litinin, bayan la'asar

Saura kwana ashirin da huɗu in fita takaba. Maman Afnan da ke hawa na tara ce ke riƙe da ƙirgar, ni daga bakinta nake ji. Kullum da hantsi sai ta bugo waya: “Saudatu, ba turare, ba kwalli, ba fita, kin ji ko? Just be patient, an kusa.” Kamar akwai inda zan je. Wata huɗu ke nan Kuala Lumpur gaba ɗayanta takaba take yi tare da ni, shaguna a rufe, kowa da takunkumi. Yanzu ne ma aka fara sassauta kullen annobar.

Littafin nan a cikin takardunsa na jami'a na tsince shi. Shafi uku kawai ya yi zane-zanen injinansa a ciki. Sauran ya zama nawa.

Takalmansa na yawo suna nan a bakin ƙofa daga waje, inda ya cire su. Ba na kai shara wajen.

Laraba, gab da magariba

Tsohuwar nan ta sake zuwa. Anti Siew Lan, 'yar asalin Sin ce ta nan ƙasar, tsohuwar malamar makaranta, ta girmi Hajiyarsa ma. Gidanta yana bayan katangar gidajenmu na Bukit Jalil. Kullum da yamma sai ta tsaya a titi saitin barandata da karnukanta biyu, Kopi baƙi, Susu fari, ta ɗago hannu. Wata uku na yi ina sakin labule in na hango ta. Yau ban saki ba, ban kuma ɗaga hannu ba.

Ta bar mini roti canai, gurasarsu ta nan, a wajen mai gadi, da takardar shagon mamak, na Musulmi 'yan asalin Indiya, manne a jikin ledar don in san na halal ne. Ban san yadda ake fushi da mutumin da ke kula da irin wannan ba. Na ci rabi.

Munzali ɗan mafarauta ne na Birnin Kudu, cikin karnuka ya tashi. Ni kuwa 'yar Yakasai ce, a gidanmu kare abin jifa ne. Shekara biyu da suka wuce Kopi ya tsinke igiya a filin shaƙatawa, tsohuwar tana binsa tana ihu, shi kuma ya sa yatsu a baki ya yi fito sau ɗaya, kare ya zo ya kwanta a gabansa. Shi ke nan na shiga uku. Duk Asabar sai su ɗunguma a tsohuwar motarta, shi da ita da karnukan, su tafi gaɓar teku ta Morib su yi ta tafiya a ƙasa kamar waɗanda aka kora daga gari. Sau nawa ya ce in zo in gani? Na ce ni ba kare ya aure ni ba.

Na rubuta sunansa. Ban taɓa faɗarsa a gabansa ba.

Juma'a, bayan azahar

Hajiya ta kira daga Birnin Kudu. Ta tambayi cin abincina, ta tambayi ko ina samun barci, sannan ta ce:

“'Yar nan, kun dai yafi juna ko? Kafin a shiga da shi ciki?”

“Mun yafi juna, Hajiya.”

“To alhamdu lillahi. Abin da ke tsaya mini a rai ke nan. Allah ya yi miki albarka.”

Karo na uku ke nan tana tambaya, karo na uku ina yi mata ƙarya. Ba mu yafi juna ba. Ban nema ba.

Asabar, da hantsi

Asabar ce. Ban tashi daga kan sallaya ba sai da rana ta shigo falo.

Talata, da rana

Anti ta turo saƙo, yau na amsa. Ta ce Kopi ya rame, abinci sai ya ga dama. Ta ce, “Mijinki ya ɓata mini su lah. Na yi musu magana da yarena, na yi da Turanci, ko kallona ba sa yi. Sai na ce zo, zauna, bari.” Ta turo da murya, na saurara sau huɗu. Tsohuwar 'yar Sin tana cewa “zauna” da harshen Birnin Kudu, har da jan da yake yi a ƙarshe. Dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun watan Shawwal, daga nan kuma ta zama wani abu.

Ta rufe da cewa, “Sauda, kin yi makan?” Wato ko na ci abinci; Sauda take kirana. Kowa a ƙasar nan sunan fasfo yake kira. Ɗelu kuwa, sunan da kakata ta sa mini don na biyo maza uku, shi kaɗai ya taho da shi daga gida. Wata huɗu kunnena bai ji shi ba.

Takalman suna nan. Gizo-gizo ya yi saƙa a cikin na hagu.

Alhamis, bayan asuba

Na'ana'ar da ke bakin ƙofa ta bushe. Na duba tukunyar, ƙasar cikinta ta yi rabi, kuma na san inda sauran ta tafi.

A nan ƙasar, wanda kare ya lasa sai ya wanke wurin sau bakwai, ɗaya da ruwan ƙasa. Wata maƙwabciyarmu 'yar Malay ce ta gaya mini, ni kuma na riƙe abin kamar da shi aka haife ni. In ya dawo daga yawon Asabar, ba ya shiga sai ya cire takalmi a waje, ya miƙo hannuwa, ni ina zuba masa ruwa da buta ina ƙirgawa. Ƙasar daga tukunyar na'ana'a nake ɗiba.

“Ɗelu, mu fa Malikawa ne. A wajenmu kare mai rai ba najasa ba ne.”

“A gidan nan mazhabata ake bi. Miƙo hannu.”

Ina kan na huɗu sai ya ce bakwai. In ce ƙarya ne, mu koma farko. Wani lokacin sai mun ƙarar da buta biyu muna wannan shirmen, corridor duk ya jiƙe. Sai yanzu na gane ba don tsarki nake yi ba. Hannuwansa nake so a gabana.

Lahadi, bayan la'asar

Yau zan rubuta abin da ya faru ranar Asabar ɗin ƙarshe.

Azumi ne, sha tara ga wata. Ana ta cewa ciwon ya dawo da ƙarfi, za a sake kulle gari. Kwana biyu kafin nan wata a rukunin matanmu na waya ta saka hotonsa a filin shaƙatawa, Kopi ya ɗora masa ƙafafu a ƙirji. Ta rubuta, “Mijin wa ke nan kuma?” da 'yan fuskokin dariya. Duk sun san mijin wa ne.

Da asuba yana ɗaura igiyar takalmi na ce kada ya je. Ya ce yau kaɗai, daga yau ai kulle ne. Na ce a cikin azumin ma? Ya yi dariya. Dariyar ce ta tunzura ni.

Na ce

An kira la'asar tun ɗazu ban yi ba. Gobe zan ƙarasa.

Litinin, da hantsi

Na ce, “Je ka wajen iyalinka, ai su ne 'ya'yanka.”

Shekara shida da aure ba mu da ko ɓari. Na san inda maganar za ta sauka, can na aika ta.

Laraba, da rana

Ranar, ya ja ƙofa a hankali ya tafi. Ya saba dawowa bayan la'asar, amma ko azahar ba a kira ba na ji motsinsa. Ya cire takalmi. Na leƙa ta ramin ƙofa na gan shi tsaye ya miƙo hannuwa kamar kullum. Na buɗe, na dire masa butar a ƙasa, na koma ciki. Ya ce, “Ɗelu.” Ban juyo ba. Ina jin sa yana zuba wa kansa ruwa, bai ƙirga ba.

Na tsara abina: fushin kwana uku, iyakar da addini ya yarda, a na ukun in yi masa funkaso da miyar taushe a sha ruwa, in ba shi haƙuri. A rana ta ukun ya fita gwaji da zazzaɓi. Daga can ba su bar shi ya dawo ba. Ni kuma aka ɗaura mini abin hannu ruwan hoda na waɗanda aka killace, aka ce kada in wuce bakin ƙofa.

Mun yi waya, ba zan ce ba mu yi ba. Ya jiki, ka ci abinci, me likita ya ce. Kullum maganar tana bakina, kullum in haɗiye. A wajenmu in ka ce wa majinyaci ya yafe maka, ka sallame shi ke nan, ka gaya masa ka cire rai. Yaya zan yi in ce masa haka yana jan numfashi da ƙyar? Na ce sai ya dawo, in durƙusa in faɗa a gabansa. Rana ta tara wata nas ta ce sun sa shi barci saboda injin numfashi ya yi aikinsa.

Sauran, wato jana'izar, Baban Afnan ne ya nuna mini ta waya, daga nesa, mutane huɗu cikin fararen kaya har fuska. Ba zan rubuta wannan ba.

Abin da ban sani ba shi ne me ya dawo da shi da wuri ranar. In jikin ne ya fara, to na dire wa marar lafiya buta. In kuma ɓacin rai ne ya hana shi tafiyar, da shi ya tafi.

Juma'a, gab da magariba

Na ɗaga wa Anti hannu. Ta saki igiya ɗaya ta ɗago hannu biyu, Susu ya kusa shiga gaban mota. Kopi ya zauna a bakin get, ba barandata yake kallo ba, ƙofar da mutane ke fitowa.

Ta kira ni daga ƙasan, muna ganin juna muna magana a waya. Ta ce an buɗe hanya ga wanda ya yi rigakafi biyu. Ta ce tun ranar ba ta koma Morib ba, ba za ta iya ita kaɗai ba.

“Yaushe za ki gama zaman ɗakin nan naku?”

“Alhamis.”

“Asabar ke nan. Boleh? Za ki iya?”

Na ce ina tsoron karnuka. Ta ce ita ma tana tsoron komawa, sai mu haɗa tsoron a mota ɗaya.

Talata, da hantsi

Yayana Alkasim ya turo takardar jirgi, Laraba ta sama. Na fara haɗa kaya. Littattafansa za su tafi wajen Baban Afnan, rigunansa masallaci. Na gaya wa Maman Afnan maganar Asabar, ta ce, “Are you serious? Fitarki ta farko, maimakon ki je ziyarar kabari, sai yawon kare? Me za a ce?” Na ce Lahadi zan je kabarin. Abin da za a ce kuwa, na riga na biya kuɗinsa da abin da ya fi ƙarfina. Sai ta ce in ɗauki lema, ranar bakin teku ba ta da mutunci.

Alhamis, bayan azahar

Na fita. Na yi wanka, Maman Afnan ta sauko ta tsefe mini kai, ta shafa mini humra. Ta ce na yi kyau. Na ji kamar an sallame ni daga aikin da shi kaɗai ya rage nake yi masa.

Juma'a, da yamma

Ba ni da takalmin tafiya, duk nawa masu tsini ne da silifa. Na tsaya a bakin ƙofa na fi minti goma. Na kakkaɓe saƙar gizon. Da safa biyu sun zauna.

Asabar, bayan magariba

Ƙafafuna sun kumbura, amma sai na rubuta wannan kafin in manta ko kalma ɗaya.

Bayan asuba Anti ta zo da motar. Na shiga gaba, karnukan suna baya da raga a tsakani, na manne da ƙofa ina karanta duk addu'ar da na sani. Ba su yi haushi ba. Kopi dai ya tura hanci ta ƙasan kujera har ya kai ga ƙafata, ya shinshina takalman, sai ya fara wani kuka siriri kamar na jariri. Haka ya yi har muka wuce gonakin kwakwar manja. Anti tana tuƙi tana share ido da bayan hannu.

Ban taɓa zuwa bakin teku ba, shekara huɗu a ƙasar nan. Na zaci shuɗi ne irin na kalanda. Ruwan ƙasa-ƙasa ne, kuma ya janye can nesa ya bar taɓo shimfiɗe, ƙananan ƙaguwa suna ta gudu a kai. Muka bar wajen da mutane ke zama muka bi wata siririyar hanya ta bayan katangar duwatsu. Anti ta saki igiyoyin. Susu ya ɓace gaba, Kopi kuwa ya liƙe a gefen ƙafata ta hagu, in na tsaya ya tsaya. Na ce masa tafi can. Ya ɗago ya dube ni, ya ji Hausa, sai ya ƙara matsowa.

Tsohuwar nan mai shekara saba'in tafiya take kamar an biyo ta. Ni ina baya ina haki, takalman suna cina a dunduniya. Ta riƙa nuna mini wurare. Nan yake sallar walha a kan yashi, karnukan su zauna nesa su jira. Nan ya taɓa ciro wa Susu ƙugiyar masunta daga ƙafa. Nan ya koya mata gane sawun biri da na damo. Mutumin da na kwana ɗaki ɗaya da shi shekara shida, ga wani rabinsa a warwatse a kan hanyar da na ƙi zuwa. Na yi kishin hanyar, ba zan ɓoye ba.

Mun wuce itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye a saman taɓo, mun wuce kwale-kwalen da aka kife tun farkon kulle, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Awa biyu da wani abu muka kai wata tsohuwar gadar katako ta masunta. Na zauna a kan dutse na ce ni kam nan ƙarfina ya ƙare. Ta ce rabin hanya ke nan, amma ba komai, mu juya.

Ta kira karnukan. Susu yana can yana tonon taɓo, Kopi ma ya bi shi. Ta kira da suna, ta tafa hannu, ta ce zo. Ko a jikinsu.

“Ba sa juyawa sai an faɗi ta juyawar,” in ji ta. “Doguwa ce, na sha wuya kafin na iya.”

Ta sauke takunkumi, ta kewaye bakinta da tafukanta, ta ɗaga murya:

“Mutapi gida! Delu najira!”

Karnukan biyu suka ɗago kai lokaci ɗaya, suka juyo da gudu, suka wuce mu suka kama hanyar mota.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce Anti, kin san me take nufi?

“Juya baya lah. Duk Asabar da ita yake rufe tafiya. Na faɗa ba daidai ba?”

Na ce daidai kika faɗa. Na tambaye ta ranar ƙarshe fa, ya faɗa?

Ta ce a nan ya faɗa, a gadar nan, shi ya sa ba ta so mu tsaya a nan ba. Ba su taɓa juyawa daga rabin hanya ba sai ranar. Na ce jikinsa ne? Ta ce lafiyarsa ƙalau, har tsere ya yi da Susu duk da azumi. Ya dai yi shiru tun a mota, da suka kai nan ya tsaya ya ce ya yi mantuwa a gida, kuma ba ta jira sai yamma. Ta yi ta yi masa mita har Bukit Jalil, shi kuma yana ce mata ta ƙara gudu.

“Me ya manta ne wai? Ban taɓa tambayarsa ba.”

Na nuna ƙirjina na ce, “Ɗelu. Ni ce Ɗelu.” Na fassara mata sauran. Ta dube ni, ta dubi hanyar da karnukan suka bi, sai ta zauna daɓas a kan yashi ta rufe fuska. Wata biyar tana kiran sunana a titunan unguwarmu ba ta sani ba, ni kuma ina sama na rufe taga.

Kopi ya gaji da jira ya dawo, ya sa kansa a kan takalman. Na faɗa a nan, da ƙarfi, da Hausa, abin da na haɗiye kwana tara a waya. Na ce ka yafe mini. Ba wanda ya amsa, ruwan ma yana can nesa. Kopi ya lashi bayan hannuna, na bar shi.

Ban sani ba ko ya yafe. Abin da na sani, da gudu ya dawo, ya miƙo hannuwa, ni ce na dire butar. Wannan zan tafi da shi Kano, ba mai sauke mini. Amma in Hajiya ta sake tambaya, ina da gaskiyar da zan ba ta: bai tafi yana fushi da ni ba.

Lahadi, bayan asuba

Na shigo da takalman cikin ɗaki. Ban wanke su ba.